Sawu a Hanyar Masu Tattaki

Ihun da ya tashi daga bakin dam ɗin Kargo da sanyin safiyar Asabar ya sa masunta sun saki taru, mata masu suyar kifi sun bar kasko a kan wuta. Da aka ruga, sai aka tarar da Hajiya Madina kwance a ƙasan ƙorama, cikin duwatsu, tana salati da ƙyar. Gadar katakon da ke samanta kuwa tsakiyarta wayam. Wani ya cire katakai ya bar rami.

Ba a daɗe da buɗe wurin shaƙatawar ba. An zagaye dam ɗin da hanyar burji, an dasa itatuwa, an kafa bencina na siminti, aka ja waya aka killace. Mutanen Dutse suka samu wurin zuwa. Tun duku-duku za ka ga motoci da adaidaita sahu suna sauke masu tattaki, dattawa masu hawan jini da matasa masu gudu. Hajiya Madina tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce daga Yalwawa, likita ne ya ce ta riƙa tafiyar ƙasa saboda ciwon suga. Ba ta fashi. Ranar nan aka ɗauke ta a bayan mota, ƙashin ƙugunta a karye.

Kafin hantsi dagacin Kargo ya aika Kiyawa a ɗauko Malam Barau.

Malam Barau mai bin sawu ne. Ya tsufa a kan neman shanun sata, daga dajin Kiyawa har iyakar Bauchi, kuma 'yan sanda kansu sukan neme shi idan abu ya shige musu duhu. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana. Da ya sauka daga babur ya tarar da rabin gari a bakin gada, sun tattake duk abin da zai duba.

"Ranka ya daɗe, a ce su ja baya," ya ce wa dagaci.

An yi ruwa a daren jiya, ƙasa da laushi. Ya tsugunna gefen gada inda ƙafa ba ta kai ba, ya ga sawu guda a laka, ya fito sarai. Sai wani matashi daga cikin taron ya ɗaga murya.

"Baba, wane irin takalmi ne?"

"Na roba ne," in ji Malam Barau, idonsa na ƙasa. "Irin wanda makiyaya ke sawa."

Bai ɗago ba, shi ya sa bai ga yadda mutane suka dubi juna ba. Ya dai ji wani suna yana yawo a bakinsu: Zainulabidin, wani saurayi makiyayi da ke ruga a gefen gari. Wani tsoho mai lambu, da ake kira Malam Mailafiya, ya ce a hankali, "Jama'a, ai takalmin roba kowa na sawa." Babu wanda ya saurare shi.

Sawun ya bi gefen ƙorama ya gangara. Malam Barau ya bi shi shi kaɗai. Tun bai yi nisa ba ya fara jin maganar da ya yi ta tsaya masa a rai, domin takun gajere ne, ƙafar hagu tana ɗan ja. Nan da can kuma akwai inda aka dasa bakin katako a ƙasa aka jingina aka huta. Saurayin da ya saba bin shanu ba ya hutawa haka.

A gindin wata tsamiya ya sami katakan. An jera su a kan duwatsu don kada su jiƙe, an rufe da buhu. Kusa da su ga gwangwanin madara cike da ƙusoshin da aka zare, babu ko ɗaya da aka yar a hanya. Ya daɗe yana kallon gwangwanin. Daga nan sawun ya hau falalen dutse ya ɓace.

Ya koma ofishin wurin, wata 'yar rumfar kwano a bakin ƙofa. Manajan, Sagiru, saurayi ne mai fara'a, amma ranar fuskarsa ta faɗa.

"Wa ke da haushin wurin nan?" Malam Barau ya tambaye shi.

"Baba, wa ba shi da shi? Amma Zainulabidin ne ya fi fitowa fili. Wayar nan ta datse musu burtalin da suke bi zuwa mashaya, yanzu sai sun yi dogon zagaye. A gaban jama'a ya ce mini tunda an hana shanunsa hanya, mu ma ba za mu ji daɗin tamu ba."

"Bayan shi?"

"Akwai Abdurrahman masunci. Da can inda gadar take nan yake ɗaure kwale-kwalensa, muka tashe shi." Ya shafa kai. "Kullum da mai ƙorafi, Baba. Wani gonarsa, wani akuyarsa. Har na daina tuna wa ya ce me."

Abdurrahman yana gyaran taru a bakin ruwa. Ƙato ne, ƙafarsa kamar faranti. Malam Barau ya dubi ƙafar sau ɗaya ya san ba ita ba ce, amma ya zauna suka gaisa.

"Ni da ina son ɓarna, Malam, wuta zan sa wa gadar kowa ya huta," in ji masuncin. "Kuma gaskiya tun da masu tattakin nan suka fara zuwa, kifina ba ya kwana. Ni zan kori masu sayen kifina?"

"Ka ga wani da asuba?"

"Na ga hasken tocila a hayin can, ƙetaren gada, wajen aduwar nan. Na ɗauka mai gadi ne."

Da azahar Malam Barau ya hau babur zuwa asibiti a Dutse. Hajiya Madina tana kwance, an ɗaure ta daga ƙugu zuwa gwiwa, amma hankalinta garau.

"Sannu Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi. Ba ki ga komai ba kafin ki hau gadar?"

"Na gani mana," ta ce. "Reshen ƙaya ne a gicciye a bakin gada, har da wani jan tsumma a jiki. Na ce iskar daren jiya ce ta karyo shi. Na sa sandata na ture shi cikin ƙorama, don kada ya soki na bayana. Gari bai gama wayewa ba, ga idon nawa sai a hankali. Taku kaɗan na yi, sai na ji babu komai a ƙarƙashina."

"Jan tsumman, a ɗaure yake?"

"A ɗaure yake. Wallahi a ɗaure. Ka ga ni da hankalina ban lura ba sai yanzu."

Ya fito yana sauri, yana son ya isa Kargo ya gaya wa dagaci cewa wanda ya yi aikin nan ba mugu ba ne, kuma ba saurayi ba ne. Amma an riga shi. Bayan la'asar wasu samari suka tare Zainulabidin yana dawowa daga mashaya. Suka ce mai bin sawu da bakinsa ya ce takalmin makiyayi ne. Kafin 'yan sintiri su ƙwace shi, an karya masa hannu, an fasa masa goshi, shanun sun watse cikin gonaki.

Malam Barau ya same shi a zauren dagaci, jini ya bushe a rigarsa, mai ɗori yana ɗaure hannun da karan dawa. Yaron bai yi kuka ba. Ya dubi Malam Barau ya ce, "Baffa, kai ne ka ce ni ne?"

"Ban ce kai ne ba."

"To me ka ce?"

Malam Barau ya sunkuya. Ya dubi ƙafar yaron, doguwa siririya, ta fi sawun da ya gani nesa ba kusa ba. Ya juya ga dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, a sake shi ya tafi gida. Ba shi ba ne." Daga waje wani ya ce ai dama Bafulatani ba zai tona asirin ɗan'uwansa ba, don an san uwar Malam Barau daga ruga ta fito.

Washegari da sassafe ya tsallaka ƙoramar ta wurin da ba zurfi, ya hau hayin da masunci ya ce ya ga tocila. Tun da abin ya faru babu wanda ya bi ta nan, kuma ba a sake ruwa ba. Ga sawun nan, gajeren taku, hagu tana ja. Mutumin ya fara zuwa nan ne kafin ya taɓa gadar. Malam Barau ya bi shi a gefen burji har kusa da wata tsohuwar aduwa, inda aka kafa benci, ƙasa duk ledojin ruwa da ɓawon gyaɗa.

Nan sawun takalmin ya tsaya cak. Ƙafa biyu a jere. Daga nan kuma sai sawun ƙafa tsirara, yatsu a baje, ya taka a hankali har bakin hanya. Ga inda ya durƙusa, gwiwoyi sun lotsa laka. A gefen burjin an soka wani tsohon tsingaro a ƙasa, sabon sokawa, kamar an tsinto shi an mayar da shi wurinsa.

Malam Barau ya ja da baya. Ya sunkuya ya tuɓe nasa takalman.

Ya nemi mafi tsufa cikin masu suyar kifi, Iya Huseina, ya tambaye ta ko an taɓa binne wani a gindin aduwar can.

"Kai, ka tuna mini," ta ce tana juya kifi. "Lokacin ina aure a Ringim, labari na ji. Farkon cikar dam ne, ruwa ya ci wata mata, matar wani baƙo cikin masu zuwa noman rani. Sai da aka kwana biyu aka gan ta, ba ta ɗaukuwa zuwa gari, aka yi mata sutura a nan bakin ruwa. Waɗanda suka sani duk sun riga mu gidan gaskiya."

"Mijin fa?"

"Wa ya sani? Baƙi ne, wasu sun koma, wasu sun zauna sun zama 'yan gari."

Bayan la'asar Malam Barau ya roƙi dagaci ya tara mutane: Sagiru, Abdurrahman, samarin da suka yi dukan, da dattawan gari, da ɗan sandan da aka turo daga Dutse. An aika ruga a kira Zainulabidin, aka ce ba zai zo ba. Malam Barau ya ce ba a zaure zai yi magana ba, su biyo shi.

Suka tsallaka ƙorama suka hau hanyar burji, ana ta surutu. Shi yana gefe, ba ya kallon fuskar kowa, ƙafafu yake kallo. Da suka doshi aduwar, samari suka wuce kai tsaye, wasu har suka zauna a benci. Sagiru ya tsaya a tsakiyar hanya yana duba wayarsa. Can baya, Malam Mailafiya mai lambu yana tafe yana ɗan jan ƙafar hagu. Da ya zo daidai wurin, sai ya tsaya, ya zame takalman robarsa, ya ratse gefe cikin ciyawa, leɓɓansa suna motsi. Bai ma san ya yi ba.

Malam Barau ya matsa kusa da shi, ya sassauta murya.

"Malam, wace ce a nan?"

Tsohon ya dubi ƙafafunsa, ya dubi takalman.

"Rakiya ce," ya ce. "Matata." Ya nuna gab da inda Sagiru yake tsaye. "Nan kanta yake, ɗana. Kana tsaye a kan ƙirjinta."

Sagiru ya yi tsalle gefe kamar ya taka wuta.

Malam Mailafiya ya zauna a ƙasa. Bai jira an tambaye shi ba. Ya ce tare suka zo daga Gumel suna amarya da ango, ta je wanki ruwa ya ja ta, da ciki a jikinta. Ya kasa komawa gida ya bar ta ita kaɗai, shi ya sa ya zauna a Kargo. Ya sake aure, ya haifi 'ya'ya, amma bai taɓa kawo kowa nan ba. Duk Juma'a yakan zo ya share, ya yi mata addu'a. Da aka zo aikin hanya yana kwance a asibiti ana yi masa aikin ƙafa. Ya dawo ya tarar mota ta baje wurin, an zuba burji.

"Na je wurin yaron nan," ya ce, yana nufin Sagiru. "Na ce masa akwai kabari a hanyarku. Ya ce to Baba, za a duba. Na koma, ya ce an kai maganar sama. Na je wurin mai gari, aka ce ya tafi ta'aziyya. Ni kuma ina gani kullum ana bi ta kanta da gudu, ana zama ana cin gyaɗa ana ɗaukar hoto. Ranar Juma'a na zo na tarar wani yaro yana fitsari a gindin aduwar. Sai na ce in na cire katakon gada, za a daina tsallakowa, dole a zo a tambayi dalili. Na sa ƙaya, na ɗaura jan tsumma. Wallahi na sa."

"Ka sa," in ji Malam Barau. "Hajiya ta gani."

"Da aka kama yaron Fulanin nan fa?" ɗan sandan ya tambaya. "Me ya hana ka magana?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Tsoro. Na ga yadda suka yi masa. Na je har ƙofar zaure na dawo." Hawaye suka bi gemunsa. "Wannan ya fi na gadar yi mini nauyi."

Sagiru yana tsaye, ya rasa inda zai sa ƙafa. "Na tuna zuwanka, Baba," ya ce. "Na ɗauka maganar gona ce ka juya ta, don a ba ka diyya. Ban ko zo na duba ba." Samarin suka sauko daga benci ɗaya bayan ɗaya, babu mai kallon wani.

Ɗan sandan bai sa masa ankwa ba. Ya ce ya sa takalmansa su tafi. Malam Mailafiya ya ɗauke su a hannu, bai sa ba sai da suka tsallaka ƙorama.

Daga baya Hajiya Madina ta aiko 'yarta ta ce ita ta yafe, a saki dattijon, sai dai a karkatar da hanyar daga kan baiwar Allah. An karkatar, an ɗauke bencin, an kewaye wurin da duwatsu. Ita kuwa Hajiya ba ta sake taka ƙasa ba sai da sanduna biyu, kuma ba ta ƙara zuwa dam ba.

Amma kafin duk wannan, kashegarin taron, Malam Barau ya yi sammako zuwa ruga. Ya tarar babu kowa. Bukkoki a tsaye, murhu da sauran ɗumi, turakun maruƙa a tumɓuke. Sawun shanu ya miƙe arewa. Ya sallami mai babur, ya bi da ƙafa.

Rana ta take tsaka ya cim musu a wata fadama kusa da hanyar Ringim, sun sauke kaya suna hutawa. Zainulabidin yana zaune a inuwa, hannu rataye a wuya. Uwarsa, Inna Na'ima, ta shimfiɗa wa baƙon tabarma, ta kawo masa nono a ƙwarya. Ya sha, sannan ya ba su labari tun daga farko bai rage komai ba, har maganar takalmin da ya yi.

"An gano gaskiya," ya ce. "Mai gari ya ce ku dawo. Yaran za su zo su ba da haƙuri a gaban kowa, kuma za a sake duba maganar burtali."

Inna Na'ima ta dubi shanun.

"Allah ya jiƙan matar," ta ce. "Shi ma tsohon Allah ya yafe masa. Amma Malam, a Kargo na haifi yaron nan. Waɗanda suka doke shi, tare suka yi makarantar allo, nonon shanunmu suka sha suka girma. Babu wanda ya tsaya ya tambaye shi ina ya kwana. In mun koma, gobe wani abu ya ɓace, wa za a fara nema?"

Malam Barau ya ajiye ƙwaryar. Ya juya ga saurayin.

"Ɗana, ka yafe mini. Bakina ne ya jawo maka."

"Na yafe, Baffa," in ji Zainulabidin. Ya ɗaga hannun da ke ɗaure kaɗan, ya yamutsa fuska. "Mai ɗori ya ce zai haɗe, amma ba zai miƙe kamar da ba."

Da rana ta yi sanyi suka ɗora kaya a kan jakuna. Inna Na'ima ta miƙa masa ɗan man shanu a kwalba ta ce ya kai wa iyali. Ya tsaya a bakin fadama riƙe da kwalbar, har shanun suka tsallaka kwalta, motoci suna jira. Zainulabidin ne a ƙarshe, yana kora maruƙa da hannun hagu, sandar tana ta kuɓuce masa yana sunkuyawa yana ɗauka.